Dodon Kabewa da Dodon Kaka

Duk ƙarshen watan Oktoba, wasu makarantun kuɗi sukan ba yara aikin gida su rubuta labarin ban tsoro. Malamai sukan kwaso darasin daga intanet yadda yake, da hoton kabewa mai haƙora da jemage da ƙwarangwal. Asalinsa bikin Halowin ne da ake yi a Amurka da Ingila daren 31 ga Oktoba, wanda ya samo tushe daga tsohuwar al'adar mutanen Ailan, masu ganin a wannan dare ruhin matattu kan dawo duniya.

To, mu ba mu ce kada yaro ya rubuta labarin tsoro ba. Da shi aka raine mu. Lokacin hunturu, bayan sallar isha'i, kaka takan tara jikoki a bakin murhu, ta ce gatanan gatananku, sai ga Dodo ya fito daga kogi. Amma ku lura, Dodon kaka ba ya cin kowa haka kawai. Yarinya mai taurin kai yake kamawa, wadda aka ce kada ta je rafi ita kaɗai ta ƙi ji. Tsoron yana da aiki. A garin nan da ruwa ya haƙa kwari ko'ina, kuma damina ba ta wasa, yaron da ke shakkar bakin ruwa ai ya ci riba.

Labarin kabewa kuwa me yake tsare yaro daga gare shi? Gawa ta tashi daga kabari, ta bi mutane, an yi ihu, shi ke nan. Ga shi da yamma a Islamiyya mun koya masa cewa wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa yawo. Aljannu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu, ta 72 a Alƙur'ani, amma fatalwar mamaci ba ta cikin aƙidarmu. Da safe a ce masa kaza, da yamma a ce masa kaza, wanne zai riƙe?

Abin da ya fi damunmu ma shi ne maganar mayya. A darasin Turawa, mayya tsohuwa ce mai doguwar hula tana hawa tsintsiya, kowa ya san wasa ne. A nan fa? In ka ce wa yaro ɗan shekara 9 ya rubuta labarin mayya, ba shi da mai tsintsiya a unguwa. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi zai tuna, mai sayar da daddawa ko ƙuli-ƙuli. Yau a takarda, gobe a bakin yara, jibi wani ya yi zazzaɓi a ce ita ta kama shi. Duk mun san yadda ƙazafin maita yake ƙarewa: jifa, kora daga gida, wani lokaci har rai. Wannan ba aikin gida ba ne, ɗaukar alhaki ne.

Malamai, ba ku rasa abin koyi ba. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida a farkon shekarun 1970, domin 'yan makaranta. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934, akwai aljannu a ciki, ga dariya, ga darasi. In kuma lokaci kuke nema na musamman, ga hunturu, ga tashe da ake farawa goma ga azumi.

Ku tura yaro wurin kakarsa ya ji tatsuniya, ya rubuta ta da Hausa mai kyau, sannan ya ƙirƙiro tasa. Sharaɗi uku kawai: dodon ya zauna a daji ko a kogi, kada ya yi kama da kowa a unguwa, kada mamaci ya tashi, a ƙarshe kuma a ga dalilin da ya sa wani ya tsira wani ya halaka. Mu iyaye kuma mu riƙa buɗe jakar yaranmu muna duba abin da aka sa su rubuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.