Daga Lome zuwa Samowa: Nazari a kan Kalmar «Haɗin Gwiwa»

1. Gabatarwa

Masu fassara a gidajen rediyo da ma'aikatun gwamnati sun saba mayar da kalmar Faransanci «partenariat» zuwa «haɗin gwiwa». A wannan taƙaitacciyar maƙala za mu auna wannan fassara da tarihin yarjejeniyoyin da suka haɗa Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik, wato ACP. A wurin Bahaushe, ana haɗa gwiwa ne tsakanin mutanen da kowanensu yake da ikon cewa a'a. Abin da muke son ganowa shi ne ko wannan ma'ana ta dace da abin da ya gudana.

2. Zamanin Lome

An sa hannu a yarjejeniyar Lome ta farko ranar 28 ga Fabrairu 1975, tsakanin ƙasashe 9 na Turai da 46 na ACP, ciki har da Nijar. Ta bai wa yawancin kayan ACP damar shiga kasuwar Turai ba tare da haraji ba, kuma ba ta tilasta wa ƙasashenmu buɗe tasu kasuwar ba. Ta kuma kafa asusun STABEX domin cike giɓi idan kuɗin shigar da ake samu daga gyaɗa ko auduga ko koko ya faɗi. A 1979 aka ƙara SYSMIN saboda ma'adinai.

Sai dai waɗannan asusai sun kare abin da ƙasa ta riga ta saba fitarwa ne, wato galibi ɗanyen kaya, alhali ƙa'idojin tabbatar da asalin kaya sun yi wa ƙananan masana'antu tsauri. Sakamakon haka, rabon ACP a cikin kayan da Turai take saye daga waje ya sauko daga kusan kashi 7 cikin 100 a 1976 zuwa kusan kashi 3 a ƙarshen shekarun 1990. Ƙasar Morishas, wadda ta ci moriyar tabbataccen farashin sukari ta kuma gina masaƙu, tana cikin ƴan kaɗan da suka kauce wa wannan hali.

3. Zamanin Kotonu

Yarjejeniyar Kotonu ta 23 ga Yuni 2000 ta sake tsarin. Domin bin dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka nemi kowane yanki ya buɗe kasuwarsa ga kayan Turai. Haka kuma aya ta 96 ta tanadi tattaunawa da dakatar da taimako idan wani ɓangare ya keta haƙƙin ɗan Adam ko dimokuraɗiyya. A rubuce, kowane ɓangare yana iya amfani da ita. A aikace kuwa, Turai ce kaɗai ta yi, kamar yadda ta yi wa Nijar a 2009 lokacin tazarcen Shugaba Tanja. Ko da dalilin yana da kyau, hukuncin daga gefe guda yake fitowa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba za mu ɗora wa Turai dukan laifi ba. Harajin bai-ɗaya na CEDEAO da ya fara aiki a 2015 ya sa kashi 5 cikin 100 kacal a kan garin madarar da ake shigowa da shi a manyan buhuna, abin da ya rage wa nonon makiyayanmu kasuwa. Wannan shawara gwamnatocinmu ne suka yanke ta.

4. Kammalawa

Yarjejeniyar Samowa ta Nuwamba 2023 ta gaji ta Kotonu, kuma kalmar «partenariat» tana nan a kanta. Shawararmu ga malamai da ɗaliban fassara ita ce su dubi abin da kowace aya ta ƙunsa kafin su zaɓi kalma. Inda ake maganar kuɗi da sharuɗɗa, a ce «taimako mai sharaɗi». Inda ake maganar haraji da kasuwa, a ce «yarjejeniyar ciniki». A bar «haɗin gwiwa» ga ayar da ta bai wa ɓangarorin biyu iko ɗaya, domin manomin da ke sauraron rediyo a Maraɗi ko Damagaram ya san irin hulɗar da aka ƙulla da sunansa.