Zalika Sulai da Ladan Mugun Matsayi

Malamin da ya taɓa shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara a wata makarantar Dakoro ya san inda gardama take tashi: a rabon matsayi. Kowace yarinya tana son ta fito a amarya. Ta muguwar kishiya kuwa, ko ɗaliba ta yarda, da wuya a yarda a gidansu. Wannan tsoro yana da tarihi, kuma babu wadda ta ɗanɗana kuɗarsa kamar Zalika Sulai, wadda aka haifa a Yamai a 1947, ta rasu a 2021.

Tana budurwa Mustafa Alasan ya saka ta a Le Retour d'un aventurier (1966), ta hau doki da wando da hular kaboyi. Amma a hannun Umaru Ganda gwanintarta ta nuna: Cabascabo, Saïtane, da musamman Le Wazzou polygame, fim ɗin da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. A nan ta fito a Gaika, matar Alhaji ta biyu, wadda kishi ya kai ga shirya kashe amarya, ajali ya faɗa kan ƙawar amarya bisa kuskure.

Abin lura shi ne ba ta roƙon ƴan kallo su tausaya mata. Ƴan wasa da yawa idan an ba su mugun hali sukan cika shi da zare ido da kumfar baki, kamar masu cewa jama'a: ku duba, ba halina ba ne. Zalika ba ta bar wa kanta wannan mafita ba. Kishin Gaika yana cikin shirunta da yadda take duban mutane, har mai kallo ya gane cewa ya san irin wannan mata a unguwarsu, ya kuma san gidan da ya mai da ta haka. Ganda Alhaji ya nufa da sukarsa, mai sayen aure da dukiya. Jama'a suka bar Alhaji suka kama Zalika. An zage ta a titi, an ɗauka halin fim halinta ne.

Fim ɗin Rahmatu Kaita, Al'lèèssi, wanda aka nuna a bikin Cannes a 2005, ya same ta cikin talauci a Yamai bayan sinimar Nijar ta durƙushe. Aiki ne mai daraja, sai dai ya sa masu sharhi sun fi zancen wahalarta bisa ga fasaharta, har ta zama abin tausayi, abin da ta ƙi nema a gaban kyamara. Ƙungiyoyin al'adu da ke son tunawa da ita gara su nemo Wazzou su nuna wa ɗalibai da iyayensu tare, kafin a zauna rabon matsayi.