Gwanin da Ke Tsayar da Mota

Duk wanda ya taɓa zama kan buhun albasa a bayan tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, tana gangarowa daga kan dutse tsakanin Keita da Buza, ya san lokacin da hira take ɗaukewa. Direba ya taka burki, mota ta yi kamar ba da ita ake ba, ƙauri ya taso daga ƙarƙashi, tsofaffi su kama salati. A tasha, bakaniken da ya tada mataccen inji ake yabo. Ni dai gwanina shi ne wanda ya iya tsayar da mota.

Motocin da ke cin kasuwannin ƙauye a ƙasar Adar sun ga jiya sun ga yau. Peugeot 504 ta fito a 1968, daga baya aka yi mata ƙanwa mai ɗaukar kaya, wadda a Nijar ake kira bashe, a Najeriya kuma a-kori-kura. Tsohuwar Land Cruiser mai lamba 40 kuwa an daina ƙera ta a yawancin ƙasashe tun 1984. Waɗanda suka ƙera su ba su yi lissafin albasar kwarin Tarka har saman ƙarfe ba, balle awaki da mutum goma a bisa.

Aikin burki ɗaya ne: mayar da gudu zafi. Yawancin tsofaffin Land Cruiser burkinsu tambur ne gaba da baya, shi kuwa tambur tamkar tukunya ce a rufe, zafi ba ya samun hanyar fita. In gangara ta yi tsawo sai ƙarfen ya buɗa, ya yi nesa da takalmin da ke goga shi, feda ta yi ta nutsewa. Burkin diski kuwa a fili yake, iska na kaɗa shi, kuma in an ratsa korama da damina nan da nan yake watsar da ruwa. Shi ya sa mai hali yake sa a nemo masa kayan gaba na wata Land Cruiser da ta biyo baya, daga Ƙonni ko Maraɗi, ko a aika har Ƙofar Ruwa a Kano.

Ɗaura diski ba shi ne aikin ba, yaron gareji ma zai iya. Gwani yana komawa wajen masta, wato famfon da feda ke turawa. Mastar tambur tana da ɗan bawul mai riƙe ragowar matsi a cikin bututu. In aka bar shi a layin diski, burki zai riƙa kamawa, ƙafa ta yi zafi tun ba a bar Madawa ba. Yana kuma canza masta mai layi ɗaya da mai layi biyu, don in dutse ya fasa bututun baya, na gaba ya riƙe mota. In injin gazuwal ne, sai ya duba ɗan famfon da ke zuƙe iska, wanda galibi yake bayan altanato, domin da shi ne feda ke yin laushi.

Inda na fi sara masa shi ne maganar sifirin. Mai bashe yakan ƙara ƙarafa biyu ko uku a sifirin baya don mota ta ɗauki kaya ba ta durƙusa ba. Abin da bai sani ba, akwai wani bawul kusa da ƙafafun baya wanda ke auna nauyi da yadda mota ta sunkuya. Tunda ta daina sunkuyawa, sai bawul ya ɗauka babu kaya, ya riƙa tura wa baya mai kaɗan, duk wahala ta koma kan ƙafafun gaba. Gwani yana gyara sandar bawul ɗin daidai da sabon tsayin mota. Mai rabin sani kuwa cire shi yake yi ya yar, ranar da mota ta dawo fanko a kan jar ƙasa, taka burki ɗaya sai baya ya juyo gaba.

Sai mai. Man burki yana shan laima daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauka wajen 155, kuma in ya tafasa a gangara feda tana tafiya ƙasa kamar an taka auduga. Na taɓa ganin direban da ya zuba ruwan sabulu don ya kai gari. Ya kai ɗin, amma robobin ciki da ƙarfen silinda ne suka biya.

Cire iska shi ne ƙarshe, kuma aikin mutum biyu ne. Maigida ya kwanta kan kwali ƙarƙashin mota da sifana a hannu, ya fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. Yaro yana kan kujerar direba.

"Buga. Buga. Riƙe!"

"Na riƙe, maigida."

"Kada ka ɗaga sai na ce."

Mai ya fito baƙi kamar shayin da ya kwana, da kumfa, har ya koma fari tas. Sannan ya sa a loda buhuna, ya ja mota zuwa bayan gari, ya ɗan ba ta wuta, ya saki sitiyari ya taka. Ta tsaya ba ta karkata ba. Duk da haka ya sauko, ya bi sawun taya a ƙasa yana dubawa, ya kai bayan hannunsa kusa da kowace ƙafa. Ta hagun baya ta ɗan fi sauran ɗumi.

"Kai, kawo jak," ya ce wa yaron.