Mai Labari da 'Yan Amshinsa: Nazari a kan Littafin The Martian

Duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗi ya san aikin 'yan amshi. Su ke riƙe masa gindin waƙa, su ba shi sararin numfashi kafin ya kawo wani ɗa. To, mai ba da labari a intanet shi ma yana da irin nasa 'yan amshin, kuma abin da ke samunsu sa'ad da ya shahara shi ne nake so mu duba.

Andy Weir Ba'amurke ne, a da ma'aikacin kwamfuta. A 2011 ya riƙa sakin labarinsa babi-babi, kyauta. Labarin Mark Watney ne, wanda abokan tafiyarsa suka bari a duniyar Mas bisa zaton ya mutu. Masu bin labarin ba su da yawa, amma cikinsu akwai masana kimiyya da lissafi. In ya yi kure su nuna masa, shi kuwa ya koma ya gyara. Su ne ma suka roƙe shi ya haɗa babin wuri ɗaya, ya sa shi a Kindle a 2012 kan santi 99.

Lalle sawun mutanen nan yana bayyane cikin littafin. Ƙarfinsa duka yana ga ƙididdiga: kwana nawa abinci zai kai, dankali nawa za a shuka, yaya za a samu ruwa daga man roka. Mai karatu yakan gaskata Watney domin lissafinsa yana fita. Amma fa rauninsa ma daga can ya zo, a ganina. Mutumin da ya shekara shi kaɗai cikin duniya guda, ba mu cika jin kaɗaicinsa ba, sai barkwanci. Masu duba lissafi ba su nemi wannan ba, marubuci kuwa bai ba su ba. Guguwar da ta buɗe labarin ita ce bai yarda ya taɓa ba, ko da yake shi da kansa ya ce iskar Mas ba ta da kaurin yin irin wannan ɓarna. Nan ya nuna har yanzu shi ne uban waƙa.

Kamfanin Crown ya buga littafin a 2014, Ridley Scott ya mai da shi fim a 2015. Daga nan taro ya sāke. Na farkon nan suka nutse cikin dubban da suka zo ta ƙofar silima, waɗanda ba su taɓa ganin babi da kurensa ba. Mai gyara ya koma mai saye. Artemis ya fito a 2017 a kammale, ba wanda ya sa masa hannu daga waje a bainar jama'a, masu sharhi kuwa ba su yabe shi kamar na farko ba. Kada dai mu yi saurin cewa rashin 'yan amshi ne sanadi, gama Project Hail Mary na 2021 shi ma haka ya fito, ya kuwa karɓu ƙwarai.

Wannan magana ta shafe mu. Marubutan Hausa da yawa, musamman mata, shafi-shafi suke sakin labari a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na ta roƙon a sassauta wa wance, a hukunta wane. In marubuciya ta yi suna ta ce sai an biya, zaure yakan rabu biyu, wasu su biya, wasu su yi ta yawo da littafin a ɓoye. Wanda zai nazarci irin wannan adabi sai ya tattara shafukan farko tare da maganganun masu karatu tun ba a share su ba, domin bugun ƙarshe ba ya nuna inda suka juya labarin.