Harshen iskoki a silimar "Les Maîtres fous"

A shekarar 1954 ne Jean Rouch ya ɗauki wannan silima kusa da Akara, inda iskokin Hauka, waɗanda suka ɓulla a ƙasar Filinge wajen 1925, ke hawan ƴan ci-ranin Nijar. Manazarta sun fi tsayawa kan kumfar baki da yankan kare. Ga mai binciken harshe kuwa, sunayen iskokin ne abin lura: Gomno, Kapral Gardi, Madam Lokotoro, duka aro ne daga harsunan Turawa, bakin mutanen ƙasa ya lanƙwasa su. Sai dai muryar Rouch ta danne maganar waɗanda iska ta hau. Mai kallo yana ganin leɓe na motsi, amma fassara kawai yake ji, ba shi kuma da halin auna ta da asalin furucin.