Kundin Digiri a Zamanin Wayar Hannu

Cikin duk sauyin da waya da kwamfuta suka kawo wa jami'o'inmu, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne halin da kundin kammala digiri ya shiga. Wannan aiki na shekarar ƙarshe shi ne wurin da ɗalibi ke nuna cewa zai iya ɗaukar tambaya ɗaya, ya bi ta da ƙafarsa da kansa har ya samo amsa. Yau ana iya haɗa babi biyar cif ba tare da an buɗe littafi ko an yi magana da mutum ɗaya ba.

Ba na cikin masu kukan a koma jiya. Wanda ya yi karatu lokacin da aji guda ke layin littafi ɗaya a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ya san darajar abin da ke hannun yaran yanzu. Yarinya tana zaune a ɗakin mahaifiyarta a Kinkinau, ta sauke maƙalar da aka buga a Landan ko Alƙahira, ta tura wa 'yan ajinsu a WhatsApp kafin a kira la'asar. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, babu mai shiga jami'a bai taɓa madannai ba. A 2020 kuma, da korona ta rufe makarantu, ga yajin aikin ASUU na wata tara, ɗalibai da yawa ta waya suka riƙe ɗan abin da suka riƙe. Wannan alheri ne, kuma ina godiya da shi.

Amma ga abin da na gani da idona. Ɗan maƙwabcina, yaro mai ladabi, ya kawo min kundinsa bayan sallar isha'i, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah a duba min Turancin kafin in kai wa malam." Batun aikin shi ne yadda ake zubar da shara a unguwannin Kaduna. Turancin ba shi da makusa, sumul kamar na jarida. Sai dai na karanta shafi bayan shafi ban ci karo da sunan layi ɗaya na garin nan ba. Akwai Indiya, akwai Brazil, babu Tudun Wada, babu Unguwar Mu'azu, babu kwalbatin da ke toshewa a bayan gidansu duk damina. Na ɗauki sunaye uku daga jerin manazartarsa na ce mu nemo su tare. Biyu ba mu same su ko'ina ba, domin ashe manhaja ce ta rubuta masa aikin, ita ta ƙaga su. Na tambaye shi mutum nawa ya yi hira da su, sai ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wallahi Baba, kowa haka yake yi."

Na yarda da shi, kuma abin da ya sa ban ɗora masa laifin duka ba ke nan. Sayen kundi ya girmi ChatGPT, wadda sai a Nuwamban 2022 ta fito. Tun kafin nan akwai shagunan buga takardu a bakin manyan makarantu inda ake canza sunan gari da shekara a tsohon aiki a miƙa wa sabon ɗalibi. Abin da ƙirƙirarriyar basira ta yi shi ne ta sauƙaƙa abin, ta rage masa kuɗi, ta kuma goge sawun. Manhajojin kama satar rubutu irin su Turnitin suna gwada aiki ne da abin da aka riga aka wallafa, kuma yaran sun iya juya jimla har adadin kamannin da manhajar ke nunawa ya sauko. An wayi gari ɗalibi na fama da na'ura, malami na jiran lambar da na'ura za ta bayar, ilimin kuma babu mai tambayar sa.

Malaman ma a duba musu. Mutum ɗaya ga koyarwa, ga gyaran takardun jarrabawa, ga tarin ɗaliban da aka ɗora masa ya duba kundinsu, ga albashin da bai kai ƙarshen wata. Idan aiki ya zo masa a tsare, da wuya ya tsaya tonon asalinsa.

A ganina maganin yana kusa da mu, kuma ba ya buƙatar sayen wata sabuwar manhaja. A ba ɗalibi tambayar da amsarta ba ta hau intanet ba tukuna. Kaduna cike take da irinsu. Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna wanda ya zama cibiyar bincike a 1970, yana ajiye da rubuce-rubucen Larabci da na ajami da takardun gwamnatin Jihar Arewa. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna na da fayilolin Turawan mulki, har da rahotannin haraji na gundumomi. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tsaya a 2002, kuma da yawa daga ma'aikatanta suna nan da rai, ana iya zama da su a naɗi labarinsu. Ɗalibin tattalin arziki ya je Kasuwar Barci ya bi farashin kaya na wata uku. Na kimiyya ya ɗebo ruwan rijiyoyin unguwarsu ya auna. A nan wayar za ta yi aikin da ya dace da ita: naɗar murya, ɗaukar hoto, lissafi, adana bayanai. In ya ga dama ya sa manhaja ta gyara masa nahawu, ban ga aibu ba, muddin ya faɗa.

Sannan a dawo wa zaman kare kundi da martabarsa. Minti biyar da ake ba yaro ya karanto abin da ya haddace ba jarrabawa ba ce. A ajiye takardar gefe, a tambaye shi wa ya gani, ina ya je, me ya ba shi mamaki, a ce ya kunna muryar da ya naɗo. Wanda ya yi aikin da kansa bakinsa ba ya mutuwa a irin wannan zama, ko da Turancinsa na tuntuɓe.

Ina kira ga shugabannin sassa a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello: ku rage yawan shafukan da kuke nema, ku ƙara makin fita bincike da na amsa tambaya baki da baki. Iyaye kuma, idan yaro ya zo neman kuɗin kundi, ku ba shi, amma ku tambaye shi inda zai je da wanda zai gani.