Daga Ƙafa Zuwa Ido: Gwanintar Ɗan Wasan Da Ya Zama Koci

Ba kowane gwanin ƙwallo ne ke iya koyar da ita ba. Ɗan wasa ƙafarsa yake sarrafawa, shi kuwa koci ƙafafun mutum goma sha ɗaya yake juyawa alhali yana tsaye a bakin layi. Wannan ne ya sa tarihin Kadiri Ikhana ya cancanci a tsaya a kansa.

Ikhana ya buga wa Bendel Insurance ta birnin Benin, yana kuma cikin tawagar Najeriya, Green Eagles, da ta ci kofin Afirka a Legas a 1980. Da ƙafa ta gaji sai ya koma horarwa. A 2003 ya kai Enyimba ta Aba ga kofin zakarun Afirka, karon farko da wata ƙungiyar Najeriya ta ɗauke shi. A wasan ƙarshe sun ci Ismaily ta Masar biyu da nema a Aba, a Masar aka ci su ɗaya kacal, suka riƙe ratar har usur na ƙarshe. A 2008 kuma shi ya kawo wa Kano Pillars kofin gasar ƙasa na farko, tun kafa ta a 1990.

Ina sirrin yake? Na farko, ido. Mai kallo ƙwallo yake bi, koci kuwa inda babu ƙwallo yake dubawa: wane mai tsaron baya ne ke jinkirin komowa, wane ɗan tsakiya ne numfashinsa ya fara ƙarewa. Na biyu, harshe. Hutun rabin lokaci minti goma sha biyar ne, bai isa lacca ba. Gyara biyu ko uku za a faɗa, kowa ya gane nasa. Wani yaron sai da tsawa, wani kuwa tsawar ce ke kashe masa gwiwa. Wanda ya taɓa zaman benci, ya sha ihun 'yan kallo, shi ya fi sanin wannan.

Na uku, sanin lokacin canji, domin ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A wasan zari-ruga, Rassie Erasmus, tsohon ɗan wasan Afirka ta Kudu da ya zama kocinta, ya nuna haka a gasar kofin duniya ta 2019. Cikin mutum takwas na benci, shida ƙarfafan 'yan gaba ya ajiye, yana sako su sa'ad da abokan hamayya suka galabaita. Da haka suka doke Ingila 32 da 12 a wasan ƙarshe a Japan.

Irin wannan gwaninta tana nan a filayen unguwa na Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano. Bayan la'asar za ka tarar da tsohon ɗan wasa da usur a wuya yana ba yara atisaye. Shi ne mai raba jesi, shi ne mai raba faɗa, shi ne mai zuwa gida ya roƙi mahaifi: "Baba, a bar mana shi, ba zai bar makaranta ba." Galibi ba albashi, sai son abin.

Masu hali na unguwa da hukumomin wasanni, ku taimaki waɗannan mutane da ƙwallaye da kuɗin kwas na horarwa. A hannunsu 'yan wasan gobe na Sai Masu Gida, wato Kano Pillars, suke tashi.